Cukun Inna Dudu a Tanderuna

Duk faɗin ƙasar Rano da Kibiya, kai har ka dangana da Tudun Wada, ba a haifi wanda ya san halin fulawa da halin ɗan Adam kamar ni, Bala Mai Tanderu, ba. Fulawa in na damƙe ta a hannu zan gaya maka a shago ta kwana ko a bayan mota. Mutum kuwa, tun daga sallamarsa na san saye ya zo yi ko ɗanɗano. Wannan magana da ƙarfi nake yin ta a majalisa, amma sai na waiga tukuna na tabbatar Hajara, uwargidana, ba ta tsaye a bayan ƙyauren zaure. Ita ta fulawar ba ta musa mini. Ta sanin halin mutanen ce in ta ji sai ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Ku samari da 'yan matan yanzu masu koyon girki a waya, ku nake yi wa wannan bayani. Kuna ganin wata ta kwaɓa, ta murza, ta tura a na'ura, kafin ku ƙifta ido ta fito da abu jawur, sai ku ce ai wannan ko ɗan yaye ya yi. To, ita tana ɗaki mai sanyi, wutarta ba ta ɗaukewa. Ni a tsakar gida nake gashi, a garin da in rana ta take ko ƙadangare sai ya nemi inuwa ya yi istigfari.

Aikin farko da na yi a wannan sana'a wankin tire ne, a Kano, gidan Baba Audu Kuku. Tsoho ne da ya gama yi wa Turawa da Kwara 'yan Labanan girki, ya dawo gida yana gasa mitfai, gasasshiyar fulawar nan mai nama a ciki, ana kai wa kantuna. Na yi watanni ina kankare ƙanzon tire da toka kafin ya yarda in taɓa kwaɓi. Ranar da ya yarda ɗin ma, yana kama tafin hannuna ya sake shi kamar ya taɓa garwashi.

"Kai, Bala, zazzaɓi kake yi?"

"Lafiyata ƙalau, Baba."

"To da wannan hannu shayi ya kamata ka sayar. Je ka tsoma shi a randa."

Nan na koyi abin da duk sana'ar ta rataya a kansa. Mai, ko bota ne ko man shanu, ba a so ya narke a cikin fulawa kafin ya shiga wuta. Da kan yatsu ake murtsuka shi, da sauri, har garin ya koma kamar tsakin masara. Ruwan da za a zuba na randa ne mai sanyi, kaɗan-kaɗan. Ba a kirɓa shi kamar na burodi. Ka haɗa kansa kawai ka rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle ya huta. In ka yi haka, ɓawon zai fito yana ɓarewa sala-sala, ka gutsura ya zube maka a gemu. In ka yi gaggawa, abin da za ka fitar ko an jefi kare da shi sai an kai ka gaban alƙali.

Wata rana Baba Audu ya gasa wani abu daban, don kansa. Ya ce haka yake yi wa wani Bature da ya yi wa aiki: ba nama ko ƙwaya ɗaya, sai cuku da wani tsiro kore mai kama da tohon gora. Ya faɗi sunan tsiron, na maimaita, harshena ya harɗe, ya ce in bari kada in ji ciwo. Tun da ba a samun sa a wajenmu, ɗanyen wake ya sa a madadinsa, irin dogon nan da ake ci da kwasfa. Na ci, na yaba don ladabi, a raina ina cewa wane mai hankali ne zai ba da kuɗinsa a kan abin da ba nama.

Na dawo Rano daidai lokacin da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Tanderuna rabin ganga ne. Maƙeri ya yi mata murfi da ƙafafu, na shimfiɗa yashin rafi a ƙasanta, gawayi a ƙarƙashi, garwashi a kan murfi. Abin murjina kwalbar lemo ce. Murfin kwanon sha nake yanka da'ira da shi, cokali mai yatsu na danne baki, gashin kaza na shafa ƙwai. Ma'aunin zafi kuwa bayan hannu ne da ɗan barbaɗin fulawa: in ta yi ja a hankali, bismilla, in ta yi baƙi nan take, rage wuta ka je ka yi alwala ka dawo.

Siyasa ta yi mini rana, ba zan ɓoye ba. Kowane ɗan takara da taronsa, kowane taro da mitfai da lemo. A nan na gane babbar riga ba don ado kaɗai aka yi ta ba. Mutum zai ci ɗaya a gabanka yana ta zancen talakawa, ka waiga ka ga tire wayam, shi kuma yana tafiya aljihu na naso. Da aka ƙaddamar da Shari'a, gidajen kallo suka yi sanyi, casun biki ya ragu, cinikin yamma ya tafi da su. Amma walima ta yawaita, ga saukar karatu, ga taron wa'azi, kuma malamai ma, Allah ya ƙara musu lafiya, suna da haƙora. Na sauya masu saye, ban sauya kwaɓi ba.

Sai shekarar murar tsuntsaye ta zo. Kaji suna mutuwa a gonaki, rediyo na ta gargaɗi, ƙwai ya zama abin gudu. Ni naman sa nake sawa, kowa ya sani, mahaucin da nake saye a wurinsa yana nan da ransa. Amma wani ya tayar da magana a tasha cewa masu mitfai matattun kaji suke niƙawa su cusa a fulawa, tun da abu ne a rufe, ba mai ganin cikinsa. Ba sunana aka kama ba, sai dai a garin ni kaɗai ke yi. Kafin mako ya zagayo, ko a kyauta na miƙa wa mutum sai ya ce yana azumin nafila. Garin nan kaf ya koma azumin Litinin da Alhamis, har da Talata da Laraba.

Gawayi ya yi ta ƙonewa a banza. Wani abokina mai haya da babur a Kano ya aiko cewa akwai mashin ɗaya ba direba, in ina so in zo kafin ƙarshen wata. Hajara ta ce, "Baban Ummi, ka san dai kai ko keke ka hau sai an yi wa akuyoyin unguwa addu'a." Amma gidan ba abinci, maganar ba ta wasa ba ce. Na yanke cewa in wata ya ƙare ba abin da ya sauya, zan kife gangar in tafi acaɓa.

Ranar kasuwar Kibiya na je neman mai sayen tirena, sai na ga wata dattijuwar Bafulatana a gefen masu nono, da wani farin abu curi-curi a cikin ruwa a ƙwarya. Na tambaya, ta ce cuku ne, da ɗanyar madara da ruwan tumfafiya ake daskarar da shi. Ta koyo shi ne shekarun da suka yi mashekari a ƙasar Nufe. Sunanta Inna Dudu, matar Arɗo Jaɓɓo, rugarsu na bayan Durba. Nan take girkin Baba Audu ya faɗo mini a rai. Ba nama, ba ƙwai, ba abin da za a ce ya mutu da tari.

Na saya, na biya ta wajen masu lambu na ɗebi ɗanyen wake da lawashi da attaruhu. Gwajin farko ya koya mini cewa cuku mugun mai riƙon ruwa ne; ƙasan abin ya fito jagab kamar tsumman wanke-wanke. Sai na gane dole a tsane shi a ƙyalle, a danne da dutsen niƙa, a yayyanka, a ɗan soya shi sama-sama da gishiri. Waken kuma a tsoma shi a tafasasshen ruwa a tsamo da wuri, yana kore shar, yana ƙaras a baki. A bar komai ya huce sarai kafin ya taɓa kwaɓi. Maimakon ƙwai, madara na shafa a sama. Sannan na tsaga bayan kowane ɗaya sau biyu da wuƙa, don mai shakka ya leƙa ya ga fari da kore da idonsa.

Na kai wa Hajiya Bilki, matar wani ɗan kasuwar hatsi, wadda ta fi kowa saye a wurina kafin azumin nafila ya kama ta ita ma. Ta leƙa ta tsagar, ta sansana, ta gutsura, ta ƙara gutsura.

"Malam Bala, ka rantse ba kaza."

"Hajiya, ko inuwar kaza ba ta gifta ta kansa ba."

Ta ce ranar Asabar ta sama ɗanta zai yi walimar saukar Alƙur'ani, dangin maigidan za su zo daga Zinyau da Unguwar Gai, ga mutanen gari. In cika mata manyan tire. In ya karɓu, ita da ƙawayenta sun dawo; in an bar mata shi a faranti, to, Allah ya ba ni sa'ar babur. Haka ta faɗa, don labarin ya riga ya kai mata.

Wannan aiki yana son cuku mai yawa, ba na ƙwarya ɗaya ba. Hajara ta ce, "Bari in je in ga matar nan, mu yi magana." Na ce mata wannan babbar harka ce, ba sayen nonon fura ba, manyan harkoki tsakanin maza ake ƙulla su. Na sa wankakkiyar riga, na sayi goro fari ƙal, na ari mashin, na nufi rugar. Na wuce Inna Dudu tana wanke ƙore, na ɗaga mata hannu daga nesa kamar ɗan takara, na zarce inuwar da Arɗo yake.

Mun gaisa har gaisuwa ta gaji. Na yabi shanunsa ɗaya bayan ɗaya, na ajiye goro, na zayyana masa buƙatata: cuku mai yawa, ranar Alhamis zan zo ɗauka. Yana ta gyaɗa kai yana murmushi.

"To. To, madalla. Allah ya kai mu Alhamis ɗin."

Na dawo gida na ce wa Hajara ta ga yadda ake yi, magana ɗaya an gama.

Ranar Alhamis na koma da manyan robobi biyu ɗaure a bayan mashin. Arɗo ya tarbe ni da fara'a, aka shimfiɗa tabarma. Da na ga hira ta yi tsawo har mun kai ga farashin dusa, na ce, "Ranka ya daɗe, sai maganar saƙon nan."

"Wane saƙo?"

"Cukun."

"Af! Ai wannan sai ka tambayi masu shi." Ya nuna bukkokin mata da sandarsa.

Na sami Inna Dudu tana kaɗa nono. Madarar ranar duk ta zama kindirmo, ta jiya ta tafi kasuwa. Na durƙusa na gaishe ta, irin gaisuwar da ban yi ba wancan zuwan. Ta amsa ba ta ɗago ba. Na yi bayani.

"Kaɗo," in ji ta, "wa ka kai wa goro?"

"Arɗo, Inna."

"To je ka ya tatso maka."

Matan da ke wurin suka tuntsire da dariya, wata har da riƙe ciki. Inna Dudu ta ci gaba da kaɗa nononta. "Shanu nasa ne, ya sayar, ya yanka, ya ba da sadaka, ba ruwana. Amma abin da ya sauka a ƙwarya nawa ne. Tun kakanni haka yake. Shi kansa in yana son kurɓa, roƙo yake. Ka shekara nawa kana shan fura a ƙasar nan, ka taɓa ganin namiji da ƙwaryar nono a ka?"

Ban taɓa gani ba. Ban kuma taɓa tambayar kaina dalili ba.

Na koma wajen Arɗo na ce, "Ranka ya daɗe, ai da ka gaya mini tun ran nan."

Ya gyara zaman rawaninsa. "Baƙo ya zo da goro, ya yabi shanuna, in ce masa a'a? Ai ba a yi. Na ce Allah ya kai mu Alhamis, ga shi kuwa ya kawo mu."

Safiya ɗaya ta rage, ta Juma'a, kuma madarar gida ɗaya ba za ta isa ba ko da an yarda. Na taka mashin na koma Rano da robobi suna ta ƙara a baya kamar ana yi mini kiɗan tsiya. Hajara ta saurare ni har na gama, ta dube ni sama da ƙasa. Da ta zage ni ma da ya fi sauƙi. Ta ɗauki mayafinta, ta ƙulla gishiri da sabulu da ɗan turaren wuta a leda, ta ce, "Tashi mu je, direba. Ka fara koyon sana'ar taka tun yau."

Da muka isa ta ce in tsaya a bakin ruga in yi gadin mashin. Ta shiga. Ina jiyo gaisuwa, sai dariya, sai aka ambaci sunana, sai dariyar ta ƙaru. Ni da Arɗo muna zaune a inuwa, ya ɓare goron nan nawa ya miƙo mini rabi. Can Hajara ta fito ta ce an gama. Inna Dudu za ta aika wa matan rugagen da ke kusa kowa ta kawo madarar safe kafin ta yi tsami. Sharaɗi ɗaya ne: tumfafiya da itacen dafawa, Kaɗon da ya san harkar maza shi zai kawo.

Washegari da hantsi, duk wanda ya bi hanyar Durba ya ga Bala Mai Tanderu, masanin halin ɗan Adam, da dammin itace a ka da ganyen tumfafiya a hammata, farin ruwanta ya ɓata masa gaban riga. Na tsuguna gefe na ga yadda ake yi: a ɗora madara a wuta marar ƙarfi, a daddaka ganyen a tace a ciki, a jira ta tsinke, farin ya taso ya rabu da ruwan, a kwashe a ƙananan kwanduna ya tsane. Sau ɗaya na ce ko a ƙara wuta. Inna Dudu ta dube ni, na koma kallon shanu.

Ranar Asabar ina idar da sallar asuba na tsoma hannu a randa. Kwaɓin ranar ban taɓa yin irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Man shanun ya kwana a cikin tulu, ya yi tauri yadda nake so. Na murza, na ninke, na sake murzawa. Hajara na zuba cuku da wake, ni ina rufewa ina danne baki ina tsagawa. Tire na fita tire na shiga, ƙamshi ya tashi har maƙwabcinmu mai azumi ya leƙo ta katanga ya ce yau bai ɗauka ba. Ɓawon ya yi ja kamar zinare, ka hura shi ya motsa. Da Baba Audu na raye da ya cire hula.

Na kai da kaina, na laɓe a gefen rumfar maza ina kallo. Ɗalibi ya karanta allonsa, aka yi addu'a, aka shigo da tire. Mutanen gari suka tsaya kallon-kallo, kowa na jiran wani ya fara. Dattawan ƙauye na gaba, a tsakiyarsu Malam Idi na Zinyau, mahaifin maigidan, tsoho mai farin gemu wanda in bai sa hannu a abinci ba ba mai sawa. Ya ɗauki ɗaya, ya jujjuya, ya leƙa ta tsagar. Sai ya sa babban yatsa a tsagar nan ya buɗe shi biyu, ya ɓare ɓawon tsaf kamar mai kwance alala daga ganye, ya ajiye shi a gefen tabarma, ya ci cukun da waken. Ya lumshe ido. Ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu.

Shi ke nan, rumfa ta ɗauka. Dattijo ya nuna yadda ake ci. Har waɗanda suka shekara suna cin mitfaina da ɓawonsa, ranar ɓarewa suka yi, don kada a ce sun fi Malam sani. Kafin a shafa fatiha tire sun koma fes, ga ɓawona tsibi-tsibi a bakin tabarmi kamar an yi ɓarar gyaɗa, awakin unguwa sun yi sahu a bakin rumfa suna jiran a tashi.

Hajiya Bilki ta aiko daga cikin gida cewa mata sun cinye nasu har ana rigima, in kawo mata duk Juma'a, kuma ƙawayenta biyu suna da bikin suna a wata mai kamawa. Gangar ba ta kifu ba ke nan. Mashin ɗin Kano wani ya hau. Ina tattara tire aka ce Malam Idi na kira na. Na je na durƙusa, na gyara murya don karɓar yabo.

"Kai ne mai wannan abu?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ya yi na cikin?"

"Cukun wata Bafulatana ce a bayan Durba, Baba, amma ni na..."

"Allah ya yi mata albarka, ta iya." Ya kakkaɓe gemunsa, ya nuna tsibin da ke gefensa. "Kai kuma, ɗana, ka yi ƙoƙari, ƙunshin ya riƙe zafi. Amma fulawa da tsada. Nan gaba ka nemi ganye."